Agugu da tsila: yadda za ka rabu da ita a Legas ba tare da ka cuci idonka ba

Wata Asabar bayan la'asar, wani dattijo mahauci da muke layi ɗaya a Agege ya same ni a ƙofar gida, ya zaro ƙullin leda daga aljihu ya kwance. Guntun saiwa ne baƙi-baƙi, bai fi tsawon yatsa ba, jikinsa duk kututturan ganye da wani gashi-gashi ruwan ƙasa.

Ya ce, "Ɗana, ka san wannan? Agugu ne, daga gida aka aiko mini. Tsila ce ta matsa mini. Da asuba zan daka in sha, in bi shi da man gelo."

Na ce, "Baba, don Allah ku dakata. Ku ba ni abin nan in riƙe, ku ba ni kwana uku."

Na yi shekaru a bayan kanta a shagon magani, kuma ba na cikin masu yi wa maganin gargajiya dariya. Agugu yana fitar da tsila, wannan ba tatsuniya ba ce. Ƙarfin nasa ne ma abin tsoro, domin tsakanin abin da zai kayar da tsutsar da abin da zai taɓa jijiyar idon mai sha, tazarar ba ta da yawa. Ga yadda muka bi da Baba, kuma haka nake ba kowa shawara ya bi.

Da farko, tabbatar tsilar ce

Mu kan tara komai mu ce tsutsar ciki, alhali iri-iri ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Macijin ciki dogo ne mulmulalle kamar tana. Akwai 'yan ƙanana farare kamar zare da ke sa yara susar dubura da dare. Ita tsila faffaɗa ce, fara, gaɓa-gaɓa, kuma tana iya kai mita 5 zuwa 10 a cikin hanji. Abin da kake gani a waje guntayenta ne da ke ɓallewa daga wutsiya, kowanne kamar gutsuren taliya, yana miƙewa yana takurewa da kansa. Tsilar naman shanu ba ta jiran sai ka zagaya, guntun yakan fito da ƙafarsa. Abin da ya fi damun Baba ke nan, ba ciwon ciki ba. Ya ce yana tsaye a sahu sai ya ji abu mai sanyi yana bin cinyarsa, dole ya fita ya sake tsarki.

Idan ka ga irin wannan guntu, kada ka taɓa da hannu. Ɗauke shi da tsinke, jefa a kwalba mai murfi da ɗan ruwa mai tsabta, ka wanke hannu da sabulu. Kai shi ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa. Za su ba ka 'yar roba ta gwajin bayan gida. Kada ka yi mamaki in an ce ka kawo sau uku a ranaku daban-daban, ƙwan ba kullum yake fitowa ba.

Guntun nan ya fi bayan gidan amfani, ga dalili. Tsila mai kama mutum ta nama iri biyu ce, ta shanu da ta alade, kuma ƙwayayensu kama ɗaya suke a ƙarƙashin madubin likita, sai da gaɓar ake rarrabe su. Za ka ce ina ruwanka da ta alade. To, ita babbar tsutsar sai an ci naman take kama mutum, amma ƙwanta yana iya shiga cikinka daga hannun mai ɗauke da ita idan ya taɓa abinci bai wanke hannu ba, kuma ƙwan nan yakan je ya yi ƙullutu a ƙwaƙwalwa ko a ido. A gari irin Legas, inda yawancinmu 'yan ci-rani a bakin titi muke cin abincin rana, wannan ba abin rainawa ba ne. Saboda haka in ka taɓa yin farfaɗiya, ko kana fama da matsanancin ciwon kai, ko ganinka ya canza, faɗa wa likita tun kafin ya rubuta maka komai.

Sannan ka san abin da ke cikin ledar

Agugu jijiya ce ta wani tsiro daga dangin tsirran da ba sa fure, ba sa 'ya'ya. 'Yan uwansa suna ko'ina a nan kudu: duba jikin bishiyar kwakwar manja, ko tsohuwar katanga mai danshi, ko bakin rijiya. Ganyensu kamar gashin tsuntsu yake, sabon toho yana fitowa a naɗe kamar gammo, kuma in ka juya bayan ganyen za ka ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jere. Ƙurar da ke cikin ɗigon nan ita ce irinsu.

Shi na magani ɗan tudu ne, mai son sanyi. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya rubuta cewa agugu ba a ƙasar Hausa yake fitowa ba, akasari daga Adamawa ake kawo shi, kuma maganin tsila ne. Adamawar wancan zamani ta fi jihar yau faɗi, ta haura har tsaunukan Kamaru. Masana tsirrai suna kiran wannan dangi Dryopteris. Akwai na Turai, akwai na tuddan Afirka, kuma Zulu na Afirka ta Kudu ma da nasu suke korar tsila.

Na karya na Baba a gabansa. Sabon agugu cikinsa kore-kore ne. In ya kwana biyu sai ya koma ruwan ƙasa, sinadarinsa yana raguwa. Shi ya sa tsofaffin ƙa'idojin haɗa magani na Turai suka hana amfani da wanda ya wuce shekara a ajiye. Na Baba rabi da rabi ne, gefe kore, tsakiya ya fara dafewa. Wa zai iya cewa ga ƙarfinsa?

Akwai kuma ruɗani. A tuddai masu sanyi irin Mambila, mai tsayin kusan mita 1,600, akwai wani ɗan uwansa mai suna Pteridium da ke mamaye makiyaya. Shanun da suka daɗe suna cinsa sukan yi fitsarin jini, kuma a 1983 masu bincike a Japan suka ware sinadarin da ke cikinsa mai haddasa ciwon daji. Jijiyarsa siririya ce doguwa kamar baƙar igiya, ta agugu kuwa gajeriya ce mai kauri, cike da kututture. Da ido za ka iya bambanta su in suna guda. In an daka sun zama gari, ko mai sayarwar bai isa ya rantse ba. Wanda yake son tabbaci na gaske, misali ɗalibi ko mai sana'ar magani, sai ya nemo tsiron da ganyensa mai ɗigo a baya, ya danne shi tsakanin takardun jarida ya bushe, ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan. Da saiwa kaɗai ba a cika yanke hukunci ba.

Fahimci yadda yake aiki, a nan rai yake

A cikin jijiyar akwai wani sinadari mai maiƙo da ake kira filisin. Ba narkar da tsutsar yake yi ba, shanye mata jiki yake. Kan tsila bai wuce kan allura ba, yana da mazuƙa huɗu da take manne wa bangon hanji da su. Filisin ya taɓa ta, sai ta saki. Daga nan dole a kore ta waje da maganin zawo kafin ta farfaɗo. In kan ya rage a ciki, ko mita goma ka fitar aikin banza ne, cikin wata biyu zuwa uku za ta sake tsiro.

Turawa sun daɗe da sanin wannan. Likitocin Girka sun rubuta shi tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A 1775 Sarkin Faransa Luwis na 16 ya biya wata bazawara 'yar Suwizalan, Madam Nouffer, kuɗin ƙasarsu na lokacin har 18,000 don ta tona asirin maganin tsilarta, da aka buɗe sai ga shi garin jijiyar nan ce a bi da maganin zawo. Daga baya masu haɗa magani suka riƙa tatso man da ke ciki, wani abu mai kauri kore-baƙi, suna aunawa suna ɗurawa a kafso. Har tsakiyar ƙarni na 20 da shi asibitoci ke aiki. Sai dai dubi yadda suke yi: a hana majinyaci abinci mai maiƙo, a sa shi ya wuni da yunwa, a wanke masa ciki da gishirin zawo, a ba shi awon da aka ƙididdige, a sake ba shi gishirin, sannan a tace bayan gidansa ana neman kan tsutsar. Duk da wannan taka-tsantsan an samu waɗanda suka makance, an samu waɗanda suka mutu.

Dabarar gaba ɗaya ita ce maganin ya tsaya a hanji, ya yi aikinsa, ya fice, kada ya shiga jini. Filisin ba ya narkewa sosai a ruwa, amma yana narkewa a mai. Duk abin da ka haɗa shi da shi mai maiƙo, ka buɗe masa ƙofar jini ke nan. Wannan ne ya sa gabana ya faɗi da Baba ya ambaci man gelo. Man gelo, wato man zurma, maganin zawo ne, gaskiya, amma mai ne, kuma tsofaffin littattafan likitanci sun yi ta gargaɗi kada a haɗa shi da wannan magani. Haka manja, man shanu, man gyaɗa, har romon kai da ƙafa. Barasa ma tana tatso shi fiye da ruwa, don haka duk wani agbo, wato jiƙon maganin gargajiya, da aka jiƙa a barasar ogogoro a tasha, ban da haramcinsa, ƙarfinsa ba irin na jiƙon ruwa ba ne.

Ba zan rubuta awo a nan ba, kuma duk wanda ya ce maka cokali kaza ne, ka tambaye shi cokalin wane agugu. Ƙarfinsa yana bin irin tsiron, da lokacin da aka haƙo shi, da daɗewarsa a ajiye. Cokali ɗaya na tsoho ba zai motsa tsutsar ba, sai mutum ya ce bari in ƙara, ranar da ya samu sabo ya sha wancan awon sai labari ya canza. Mai ciki kada ta ko kusance shi. Haka yara, tsofaffi irin Baba, mai gyambon ciki, mai ciwon hanta, ƙoda ko zuciya, da mai ƙarancin jini.

In a kwalba aka kawo maka shi

Yanzu an waye, ba saiwa kawai ake sayarwa ba. Daga Mile 12 zuwa Alaba Rago za ka ji lasifika tana tallar ruwan "tsiron kan dutse" mai maganin tsutsa, basir, sanyi da raunin mazakuta a kwalba ɗaya. Juya kwalbar. Nemi sunan tsiron a rubuce, sunan mai haɗawa da adireshinsa, ranar ƙarewar aiki, da lambar NAFDAC. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an duba abin ta fuskar illa an ba shi izini na wucin gadi. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa. Kana iya duba lambar a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Mai maganin da ke zaune a Legas kuma ya kamata ya iya nuna maka rajistarsa da hukumar magungunan gargajiya ta jiha. Kwalbar ruwan sha da aka sake cikawa, ba suna ba lamba, ajiye masa kayarsa.

Ba duk dangin nan ne masu haɗari haka ba, kada a yi musu kuɗin goro. Kuzbaratul bi'iri da ake samu a shagunan magungunan Musulunci ɗan wannan gida ne, tun zamanin su Ibn Sina ake dafa shi don tari. Akwai wani na Amurka ta Tsakiya da ake yin kafso da shi don rage ƙunar rana a fata. Kowanne da aikinsa, kuma babu ɗayansu da ke maganin tsila.

Karɓi maganin da ya gaje shi

Abin da ya kori agugu daga asibiti ba ƙiyayya ba ce, an samu waɗanda suka fi shi ne. Wajen 1960 aka fito da nikulosamid, sannan a shekarun 1970 aka samar da firazikwantel a Jamus. A jikin kwali za ka ga an rubuta niclosamide da praziquantel. Dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Da takardar gwaji a hannu, je wurin likita. Hau sikeli, domin da nauyi ake auna firazikwantel: miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, sha ɗaya tak. Ƙwayar ta miligiram 600 ce, ka ga mai kilo 60 tsakanin rabi da guda zai sha, gwargwadon yadda likita ya yanke. Ana haɗiye ta da ruwa bayan an ci abinci, kada a tauna, ɗacinta ya fi na maɗaci. Takan sa jiri da kasala, saboda haka ɗan acaba, mai Keke da direban danfo su ajiye makulli ranar da washegari. In kana shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, faɗa, domin wasunsu suna rage mata ƙarfi. In nikulosamid aka ba ka, giram 2 ne ga babba, shi kuma taunawa ake yi sosai kafin a haɗiye.

Kuskuren da na fi gani a kanta shi ne mutum ya sayi ƙwaya ɗaya ta "wankin ciki" irin wadda ake ba yara, ya ce ya gama. Waccan ta macijin ciki ce da 'yan uwansa, sha ɗaya nata sau da yawa ba ya kayar da tsila.

Kada ka tsaya neman kan tsutsar a masai. Da maganin zamani takan fito a narke. Shaidar warkewa ita ce guntaye su daina fita, kuma a sake gwaji bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku.

In an riga an sha

Wataƙila ka karanta wannan ne bayan wani ya riga ya kurɓa. Alamomin da za ka lura da su: amai da zawo masu tsanani, murɗar ciki, jiri, ciwon kai, ganin komai rawaya-rawaya ko dishi-dishi, rawar jiki, numfashi sama-sama, fizge-fizge, daga baya idanu su yi shawara. Ko ɗaya daga cikin na ido ya bayyana, ba a jira gari ya waye.

Ka san al'adarmu, da an ce guba sai a ruga a ɗebo manja ko madara a ɗura. A nan wannan taimakon shi ne zai ƙarasa ɓarnar, saboda dalilin da na faɗa a sama. Kada a ba shi mai kowane iri, kada a ba shi madara, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. In yana fizge-fizge a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a cusa masa cokali a baki. A nufi asibitin gwamnati mafi kusa, ko a kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas. A tafi da ragowar saiwar ko kwalbar, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka sha, nawa aka sha, da me aka haɗa. Kada a ɓoye don kunya.

Toshe hanyar da ta shigo

Tsila irin ta Baba daga naman shanu da bai dahu ba take zuwa. A jikin naman, 'ya'yan tsilar wasu 'yan ƙulli ne farare, kamar ƙwayar shinkafa ko ƙaramin wake mai ruwa a ciki, sun fi yawa a zuciya, harshe da naman kumatu. Wuraren nan ne likitocin dabbobi ke tsagawa su duba a Abbatuwa ta Oko-Oba, shi ya sa naman da aka yanka a bayan gida ba dubawa ya fi haɗari. Zafin da ke kashe su shi ne tsakiyar naman ya kai digiri 63, a aikace dai ka yanka ka ga babu ja ko ruwan jini. Tsire da balangun da aka ɗauke da gaggawa saboda layi ya yi tsawo, baya ya ƙone ciki ɗanye, ka ce a mayar maka kan wuta. Kilishi ma shanya kaɗai ba abin dogaro ba ce, gashin ƙarshe shi ne magana. Daskarewa tana kashe su in naman ya yi kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri, amma da yadda wuta ke zuwa tana tafiya a unguwanninmu, ban ba ka shawarar dogara da firiza ba.

Su kuma shanun daga wurinmu suke ɗauka. Gaɓa ɗaya ta tsila tana ɗauke da dubban ƙwayaye, mai ita ya tsuguna a ciyawa ko bakin kwata kusa da turke, saniya ta ci, shi ke nan an sake zagaye. Mai tsila ya yi amfani da masai, musamman a kwanakin da ya sha magani.

Baba dai ya amsa laifinsa da kansa. Ya ce shekara arba'in yana gutsurar tsoka a baki yana ɗanɗana yaji kafin a ɗora a wuta. Gwaji ya nuna ta shanu ce, ya sha ƙwayarsa ranar Laraba da tuwon dare, ya kwana biyu yana mitar jiri. Bayan wata uku ya dawo da takarda a ninke cikin hula, babu komai. Har ya juya zai tafi sai ya tsaya ya miƙo hannu.

"Ɗana, ina ledata? Ba sha zan yi ba. Ƙanwata ce ta aiko, in ta zo ta tambaya in nuna mata."

Na ɗauko masa. Cikin saiwar ya riga ya koma ruwan ƙasa gaba ɗaya.